Tuddan Gonar Nababa

Turke na huɗu ake bugawa lokacin da Nababa ya iso gonar da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya tsinke tun a bakin rijiya. Mutum biyu ne cikin riguna ruwan lemo, ɗaya da guduma, ɗaya ya duƙa yana leƙen wani madubi mai ƙafa uku. Farar motarsu kuwa sun hau da ita kan tulin takin da jakinsa ya yi wata biyu yana jidowa daga gida.

"Kai! Bayin Allah, lafiya? Gonar wa kuke kafa wa turke?"

Mai gudumar sai da ya ƙarasa bugun, ya shafa wa kan turken jan fenti, sannan ya ɗago.

"Sannu Baba. Awo muke."

"Awon me? Wa ya mutu aka ce ku zo rabon gado?"

"Filin wasa za a yi. Golf."

Nababa ya juya kalmar a bakinsa, ta ƙi zama. Mai madubin, wanda ya fi haƙuri, shi ya yi masa bayani a tsaye. Wani kamfani ne ya samo takarda daga sama, zai gina masaukin baƙi da filin wasan manyan mutane. Wuri uku aka ce su auna, ɗaya wajen Ɗambatta, ɗaya ta Ungogo, sai nan Kwanar Marke saboda kusancinta da ruwan dam. Nan da kwana goma injiniya za ta zo ta duba ukun ta zaɓi ɗaya. Wanda aka ɗauki nasa za a ba shi diyya.

"In na ce ban sayar ba fa?"

"Ai ba ciniki ba ne, Baba."

Suka naɗe madubinsu, suka shiga mota, suka sake bi ta kan takin suka tafi.

Shekarar ce da farashin man fetur ya tashi, komai ya bi bayansa. Kwanon gero ya zama abin da ake saye rabi-rabi, masu babura suka jingine su suka koma ƙafa, gidaje da yawa suka mayar da girki sau ɗaya a yini. Ba wanda ya taɓa ganin diyya ta kai mutum kaka biyu. Nababa na da baki goma sha ɗaya a gida, kuma duk daga wannan fili suke ci.

Gonar kuwa ta nuna wa baƙo ce. Shimfiɗaɗɗiya kamar an goge ta da tafin hannu, ba kwari ba tudu, in aka yi ruwa sai ya kwanta ko'ina daidai ya shige. Kakansa ya fara baje ta, ubansa ya ƙarasa. Turakun sun ɗan ci gefen gonakin mutum biyar, amma tasa ce a tsakiya, kuma dukkanta suka kewaye.

Bayan la'asar aka zauna a ƙofar masallaci. Kowa ya yi salati, kowa ya ce Allah ya kiyaye, sai aka juya ga Muntaka. Ɗan baffan Nababa ne, ya yi shekara bakwai yana tuƙa adaidaita-sahu a Ungogo kafin tsadar mai ta dawo da shi gida. Duk abin da ya shafi birni shi ake tambaya.

"Ka taɓa ganin wasan nan?" in ji Nababa.

"Da idona dai ban gani ba, amma na sha sauke fasinja a jikin katangar wani. Ƙwallo ce ƙarama, da sanda ake bugunta." Muntaka ya gyara zama. "Yanzu ku gaya min, wane wasa ne a duniya ake yi a kan tudu? Filin ƙwallon firamare, me aka fara yi masa? Baje shi aka yi. Dambe fa? Kokawa fa? Ko langa yara ba sa yi a gangare. Ƙwallo aba ce mai gangarawa, in ba shimfiɗa sai ta gudu. Shi ya sa suka tsallake gonakin duniya suka zo taka, Yaya. Kyanta ne ya jawo mata."

Maganar ta shige su.

"To me za a yi?" in ji Nababa.

"A ɓata ta. A tara mata tuddai, a haƙa mata ramuka. Injiniya ta zo ta ga ko akuya sai ta yi tuntuɓe, ta wuce Ɗambatta. In ta tafi mu baje abinmu kafin ruwan shuka."

Mai unguwa Khalilu tsoho ne mai tsoron duk abin da aka rubuta a takarda. Ya runtse ido ya ce, "Ni ban ji wannan magana ba. Lazimi nake." Ya ja carbi biyu. "Amma in za a yi, a yi shi ya zama kamar tun zamanin kakanni yake nan."

Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai gayya. Gayya kuwa ba a kiranta da baki kawai, wanda ya zo sai ya ci ya sha. Da safe Nababa ya buɗe rumbu, matarsa Hure na tsaye a ƙasa tana riƙe masa tsani.

"Malam, mutum nawa?"

"Sittin."

"Kwana nawa?"

"Shida."

"Wato mu ciyar da gari su lalata mana gona."

"Su ceto ta dai."

"Abin da ke cikin nan da ƙyar zai kai mu sabon gero, in an yi a hankali. Ka leƙa ka gani, ai kai ne a sama."

"Na gani. In gonar ta tafi, baɗi me za a zuba a cikinsa?"

Hure ta saki tsanin sai da ya yi rawa, ta tafi kiran matan maƙwabta su zo daka.

Mutum sittin aka kira, fiye da haka suka zo, don labarin tuwon rana ya riga makaɗi zagaya ƙauyuka. Aka zo da diga da shebur da garma, da kwanduna da baro, da jakuna takwas da mangalolinsu. Mai ganga ya tsaya a inuwar gawo yana kiran sunan duk wanda ya fi ɗaukar ƙasa. Tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna cike kwari suna rage tudu, yau su ne ke ba da shawarar inda ya kamata a tara. Wasu suna aikin suna dariya, wasu suna neman gafarar Allah.

Nababa bai yi dariya ba. Yana kallo aka yanke baƙar ƙasar sama, wadda ta sha takin shekara da shekaru, aka jibge ta, aka kai ga jar ƙasa, aka jibga ta a kai. Ta gabas suka haƙa har suka tarar da farin rairayi. Ta kusa da fadama ramin ya yi zurfi har ruwa ya tsattsafo ya kwanta. Ran kwana na shida akwai tuddai tara, babbansu ya fi tsayin mutum biyu, da ramuka bakwai a tsakaninsu.

Muntaka ne ya tsaya a kan ado. Ya sa aka daddaɓe tuddan da ƙafa, aka tumɓuko gindin gamba aka dasa a jikinsu, aka watsa busasshiyar ciyawa da kashin awaki. Har kan wani tsohon suri ya sa aka saro aka ɗora a ƙolin babban.

"Yanzu ko mahaifiyar wasan ce ta zo ba za ta buga a nan ba," in ji shi.

Rumbun Nababa kuwa sai mutum ya shiga ciki ya duƙa kafin hannunsa ya taɓa dami.

Ran kwana na goma da hantsi mota ta tsaya a bakin gonar. Mace ta fito, ba za ta wuce shekara arba'in ba, da takalmin ƙafa-ciki da malafa a kan mayafinta, da allon rubutu a hannu. Direbanta ya ce sunanta Injiniya Rahmatu. Gari kaf ya fito, kowa ya sa fuskar wanda bai san komai ba.

Ta gaida mai unguwa da ladabi, ta duba takardarta, ta duba gonar.

"Ranka ya daɗe, masu awo sun rubuta min cewa fili ne shimfiɗaɗɗe."

"Yaran nan ba su daɗe a wajen mota ba, Hajiya. Ranar an yi zafi."

"Tuddan nan sun daɗe?"

"Ni dai na buɗe ido na gan su."

"A kan wancan babban aka yi min kaciya," in ji wani tsoho daga baya, aka yi masa tsawa.

Injiniya Rahmatu ta hau tudu na farko, ta sauka, ta zagaya ramin rairayin, ta ɗebi rairayin ta murza a hannu. Ta je bakin ruwan da ya tsattsafo ta tsaya. Sannan ta hau babban tudun har ƙoli, ta dafa ƙugu ta juya gabas da yamma. Nababa na ƙasa yana jira ya ga ta ɓata fuska. Da ta sauko murmushi take yi.

"Wane ne mai gonar?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Kin dai gani, ba ta da kyau. Haka muke fama da ita."

"Baba, ka san abin da na sha kwana biyun nan? Na je Ɗambatta, fili kamar faranti. Na je Ungogo, kamar tabarma. A irin wannan fili mai wasa yana tsaye a nan yana hango ramin da zai jefa ƙwallonsa, ya buga ta tafi ɗoɗar, ya bi ta. Ramin farko da na ƙarshe duk kamarsu ɗaya. Tsofaffi suna so, don ba ya cin gwiwa, ciyawarsa ma ta fi sauƙin aski. Amma waɗanda za su taso daga Abuja ba za su zo yawo a kan tabarma ba. So suke tudu ya ɓoye musu ramin, gangare ya kwashe musu ƙwallo ya kai ta cikin rairayi ko ruwa, su ji haushi su dawo gobe. Filin da ba shi da tudu sai an gina masa, katafila kuwa yanzu ba mai iya shayar da ita dizal. Wallahi a hanya na gama yanke cewa duka ukun ba su yi ba, a bar maganar." Ta nuna gonar da allonta. "Sai ga wannan."

Nababa ya juya a hankali ya nemi Muntaka. Muntaka ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

"Hajiya," in ji Nababa, "wato da a shimfiɗe take…"

"Da ko fitowa daga mota ba zan yi ba."

Ta cire murfin biro. Nababa ya fizgi shebur daga hannun wani, ya nufi tudun da ke kusa. Mai unguwa ya ce, "Kai Nababa, kai!" Bai waiga ba. Sara uku ya yi, gefen tudun ya zube kamar gari. Ga karan dawa na bara a ciki, ga taki bai ko ruɓe ba, ga fasasshiyar ƙwaryar da aka sha fura da ita ran gayya.

"Ƙarya muka yi miki. Ba na Allah ba ne, mu muka tara. Ruwan farko zai wanke su. Ki rubuta shimfiɗaɗɗiya ce, don haka take."

Mai unguwa ya rufe fuska da hannun riga. Injiniya Rahmatu ta leƙa ramin da ya sara, ta ture ƙwaryar da ƙafa.

"Tun daga mota na sani, Baba. Tudun Allah ba ya warin taki, gamba kuma ba ta fitowa a jere. Ba abin da nake son sani ke nan ba. Mutum nawa suka yi wannan aikin, a kwana nawa?"

Muntaka ya kasa riƙe bakinsa.

"Sittin ne, Hajiya, kwana shida. Ba inji ko ɗaya. Tsarin kuma nawa ne."

"To ka ji. In mutum sittin za su yi wannan da shebur, me zan yi da katafila? Ƙasa mai laushi, ruwa kusa, ga ma'aikata a ƙofa. Kamfani zai ɗauke ku aiki, a sake su yadda ya kamata, a daddaɓe su da kyau. Aikin shekara guda ne ko fiye."

Nababa ya ji yadda taron ya sauya a bayansa, ko bai juya ba. Yawancin waɗanda ke tsaye ba su da ko taku ɗaya a cikin turakun nan. Kwana shida suka ci tuwon rana, yau kwana huɗu ke nan ba su ci ba. Wani ya tambaya ko kullum za a riƙa sallamar ma'aikata ko sai mako. Wani ya ce shi yana da baro nasa na kansa. Mai unguwa ya sauke hannun rigarsa ya ce dama shi tun farko ya san alheri ne ke tafe.

Biro ya fara tafiya a kan takarda.

"Hajiya, dakata." Nababa ya jingina shebur ɗin. "Tudu kike so ko gonata kike so?"

"Tudu."

"In na nuna miki na gaske, wanda ba a tara da kwando ba, mai duwatsu da rafi, wanda ba sai kin ciyar da kowa ya gina ba?"

"A wannan ƙasar taku? Masu awo ba su ga ko ɗaya ba."

"Masu awo inda mota ke zuwa suke zuwa."

Ta duba agogo. "Ƙarfe biyu nake son kama hanyar Kano."

"Kafin azahar kin dawo."

Mota ta kai su bakin wani busasshen rafi arewa da gari, daga nan sai ƙafa. Nababa na gaba, ita tana biye, direban na bayansu da gorar ruwa yana ƙunƙuni. Suka bi ta cikin sabara da ƙaya kusan rabin awa, ƙasa tana ɗagawa a hankali, har suka fito sarari. Wurin shi ake kira Tudun Kura.

Injiniya Rahmatu ta cire malafarta.

Ƙasa ce mai hawa da sauka, tudu bayan tudu, kowanne da irin kwanciyarsa. Baƙaƙen duwatsu sun fito nan da can kamar bayan giwaye. Rafin ya ratsa tsakiya ya yi lanƙwasa uku, cikinsa farin rairayi. Ga marke da kanya tsaye ɗai-ɗai, ga ruwan dam can ƙasa yana ƙyalli. Ta fara tafiya da sauri tana magana ita kaɗai. A nan za a tsaya a buga, ƙwallo ta tsallake rafi. Can bayan dutsen za a ɓoye rami. Wancan gangaren zai sa manya su yi zagi. Ta ce hawan zai wahalar da masu ciwon gwiwa, kuma kai ruwa sama aiki ne, amma wuri irin wannan ba a gina shi, sai dai a same shi.

Sai ta tsaya a wani wuri inda ƙasa ta yi baƙi, zagaye guda mai faɗi. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma.

"Me ya sa nan ya fi baƙi?"

"Haka ƙasar take."

"Wurin na waye?"

Nababa ya san amsar kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Duk damina, in shuka ta rufe ƙasa ba inda dabba za ta sa ƙafa, makiyaya kan dawo daga kudu su hau nan da shanunsu, su zauna har a yi girbi. Baƙaƙen zagayen nan makwancin shanu ne. Bayan girbi sukan sauko su ci kara a gonaki su bar taki, kuma rabin baƙin da gonarsa ta yi daga nan ya samo asali. Ba su da takarda, ba wanda ya taɓa tambayarsu ita.

"Ba na kowa ba ne," in ji shi. "Ba a taɓa noma shi ba."

Ta dube shi ɗan lokaci, irin duban da ta yi wa tuddansa. Sannan ta duba agogo, ta rubuta.

Cikin mako guda aka zo aka cire turakun gonarsa. Mutanen gari ba su yi asarar komai ba, don aikin ya koma Tudun Kura, kuma su aka ɗauka saran hanya da kafa ginshiƙan waya. Muntaka ya zama shugaban ma'aikata, aka ba shi hular roba, ya daina amsa sallamar yara.

Gayya ta biyu ba ta kiru ba. Babu abin da za a dafa, kuma masu shebur duk suna can Tudun Kura. Nababa da manyan 'ya'yansa biyu da jaki suka shiga baje abin da mutum sittin suka tara. Sun gama huɗu, suna kan na biyar, ruwan shuka ya sauka. Ya cika ramukan, ya kwaso jar ƙasa daga jikin sauran tuddan ya shimfiɗa ta a kan baƙar. Nababa ya shuka inda ya samu. Ta yamma gero ya fito da ƙarfinsa, ta gabas ya fito rawaya, siriri, kamar yana neman izini.

Hure ta kawo masa kunu gona ran da aka fara noman firi. Ta tsaya ta dubi tuddai biyar da suka rage, ciyawa har ta fara rufe su.

"Yanzu kam sun zama na zamanin kakanni," in ji ta.

"Da rani zan ƙarasa su."

"Da wane tuwon?"

"Gonar dai tana nan, Hure."

"Tana nan," in ji ta. Ta karɓi ƙwaryarta ta juya, sai ta tsaya. "Malam, wancan fa?"

Ta arewa, a kan hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki, wani dogon mutum ne ke tahowa, da sanda a kafaɗa da laima a rataye. Ba ya sauri. A bayansa, can bakin sabara, ƙahonni ne farare jere har inda ido ya tsaya, matasa uku suna tare su da ƙyar. Masu noma a gonakin kusa duk suka miƙe, kowa da fartanyarsa a hannu.

Mutumin ya tsaya daidai kan iyakar gamba, bai taka shuka ba. Dattijo ne, gemunsa fari, ƙafafunsa sun yi fututu da tafiyar kwanaki. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya jira aka amsa masa duka.

"Nababa nake nema."

"Ga ni."

"Madalla. Kwana goma sha tara muna tafe. Mun iso mashekarinmu mun tarar an kewaye shi da waya, har da kabarin mahaifina a ciki. Mai gadin ya ce ba laifinsa ba ne, wai wani Nababa ne ya shaida wa hukuma wurin ba na kowa ba ne." Ya sauke sandar daga kafaɗa ya dogara a kanta. "Ban zo faɗa ba. Shanu ɗari uku ne da 'yan kai, tun jiya ba su ci ba, kuma yaran nan ba za su iya riƙe su har magariba ba. Tunda kai ka san ƙasar nan haka, sai ka nuna min inda zan kai su."

Nababa ya dubi shanun. Ta gaba, wata fara mai dogon ƙaho, ta riga ta miƙo wuya ta kan gamba tana shinshinar geron yamma.